Shekarar da Kakata Ta Ƙi Fita Roƙon Ruwa

Kwanakin baya na raka wani abokina gaisuwar mutuwa can wajen Rimin Gado, aka miƙo mana ruwan randa a moɗa. Ina kai shi baki sai na tsaya cak, kamar wanda aka kira sunansa daga baya. Ƙanshin saiwar jema ne ya bugi hancina. Na riƙe moɗar nan na kasa sha, na kasa ajiyewa, har wani dattijo da ke gefena ya dafa kafaɗata yana cewa in yi haƙuri, duk can za mu. Na gyaɗa masa kai cikin ladabi. Ina zan iya gaya masa cewa mamacin ko a hanya ban taɓa ganinsa ba? Ni kakata na tuna, da wata rigima da ta yi da garinmu gaba ɗaya, ita kaɗai, ba ta da ko haƙoran da za ta ciza yatsa da su.

Idan kai ɗan birni ne, mai karatu, bari in gaya maka mene ne jema. Ciyawa ce mai tsayi, ganyenta yana yanka hannu idan ka yi mata garaje, kuma saiwarta ba ta san gajiya ba. Mu a yarinta mun yi imani cewa idan ka bi saiwar jema da haƙa, ba za ka tsaya ba sai ka ɓulla a Makka, babu fasfo babu allura. Mata kan wanke saiwar su jefa a randa don ruwa ya yi ƙanshi. Amma a garinmu aikinta ya wuce na randa.

Garinmu yana cikin ƙasar Minjibir, inda gona ke manne da gona, gida yana jin tarin maƙwabcinsa. Babu daji a wajenmu. In ka yi jifa da dutse sai ya faɗa a gonar wani, mai gonar kuma ya san wanda ya jefo. Garin yana kwance ne a kan gangare. Masallaci da 'yar kasuwa suna sama, gidaje suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, gidanmu shi ne na ƙarshe a ƙasa. A bayan katangarmu kuwa akwai kududdufi.

Ai, kududdufin nan! Na sha gaya wa 'ya'yana cewa idan ka tsaya a bakinsa ba ka hango ɗaya gefen sai ka hau jaki, su kuma su ce Baba ya fara. To, na ƙara gishiri kaɗan, amma yana da girma. Da damina kainuwa ta rufe shi, bado ya yi fure, kwaɗi su ɗauki karatu tun magariba, kowa yana ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa murya. A nan muka koyi iyo, a nan muka sha duka saboda iyon.

Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne, ba kududdufin kaɗai ke aiki ba. Ruwa idan ya sauka a kan soro, indararo ya zubo da shi tsakar gida, ya bi wuriya, wato 'yar kafar da ake bari a gindin katanga, ya fita lungu. Daga lungu ya gangara burtali, hanyar shanu da ta ratso gari har zuwa bayan gidanmu. Burtalin nan an yi masa shinge da aguwa hagu da dama, sannan an dasa jema a gicciye, layi bayan layi, sai ɗan wurin da dabba za ta wuce. Ruwa ya taho da fushinsa daga sama, layin farko ya tare shi ya ce sannu da zuwa, na biyu ya karɓe masa kayan da ya ɗauko, yashi da kara da kashin awaki. Gawo da cediya da ke gefen hanya su sha rabonsu. Kafin ya iso kududdufi ya huce, ya zama kamar surukin da ya zo gaisuwa, yana tafiya yana sunkuyar da kai. Ya kwanta a nan wata da watanni, yana nutsewa a hankali, rijiyoyinmu suna sha ta ƙarƙashi.

Kuma shi kansa ramin ba wani ne ya zauna ya tsara shi ba. Duk rani maza kan shiga su ɗebi ƙasa don tubali da yaɓe. Wanda zai yi aure ya ɗebi ta ɗakinsa, wanda katangarsa ta zube ya ɗebi ta gyara. Saboda haka duk rufin da aka ɗaga a garin, an bar raminsa a ƙasa. Gari yana girma, kududdufi yana girma, ba wanda ya ci bashin wani.

Mai kula da jemar nan ita ce kakata, mahaifiyar Baba, wadda kowa ke kira Iya. Ba wanda ya naɗa ta. Ta dai ɗauka, aka bar mata. Da zarar bazara ta yi, zafi ya fara dafa mutum a cikin rigarsa, sai ka gan ta da 'yar fartanyarta a burtali, tana raba gindin jema tana cike gurbin da ya mutu, tana zagin awakin da ba su nan. Ni kuwa, da yake jikanta ne, mijinta take kirana. "Kai, mijin banza, ko cefane babu, sai ci!" Ni kuma in ce na sake ta, na samo wadda ke da haƙori. Ta ce in je, za ta ga wadda za ta karɓi mai majina.

Ɗakinta shi ne na can ƙurya, jingine da katangar baya. Marigayi kakana ne ya gina mata shi da hannunsa. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin tulu, yana ƙanshin daddawa da turaren wuta da tsufa. Tun da aka kawo ta gidan a nan take, a nan ta haifi Baba da ƙaninsa, wanda muke kira Baffa.

Sai shekarun fari suka zo.

Ba na son in daɗe a nan, domin ko ni mai surutu akwai inda bakina ke nauyi. Hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya tsaya a kanmu ya dube mu, sannan ya tattara ya wuce kamar ya tuna yana da alkawari a wani gari. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya bushe a tsaye. Shekara ta juyo, aka sake. Muka ci tafasa, muka ci rama, muka ci dusar da a da ko akuya sai an lallashe ta. Kwaɗin garinmu suka manta kuka. Akwai wanda ya rantse ya ga ɗaya a bakin titi yana tambayar motar Wudil. Dabbobi suka cinye jema har ƙasa, mutane suka tone sauran. Aka sassare rassan gawo don awaki, aka bar shi tsaye kamar wanda aka yi wa aski da gatari. Kududdufi ya ƙafe, ya tsage, ya zama wurin da ƙadangaru ke shan rana.

A cikin wannan hali Baffa ya dawo daga cin rani a birni, tare da wani Alhaji mai fataucin hatsi. Alhajin yana neman fili kusa da hanyar mota ya gina sito, kuma babu fili a garinmu sai wannan busasshen rami, wanda yake cikin gadon gidanmu. Zai cike shi da kansa. Abin da zai bayar kuwa ba kuɗi ba ne, hatsi ne, buhu-buhu, a shekarar da mutum zai iya auren 'yar sarki da kwanon gero.

A zaure aka yi maganar. Iya ba ta shiga zaure idan maza na zaune, amma ranar ta shigo, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

Baffa ya ce, "Iya, rami ne fa. Ramin da ko kaza ta daina zuwa."

Ta ce, "Ba naku ba ne."

"To na wa ne? Ba gadon ubanmu ba ne?"

"Na ruwa ne. Tafiya ya yi."

Baffa ya buɗe hannu ya dubi mutane. "To ya dawo mana! Wa ya hana shi? Mu da muke nemansa kamar kuɗin guzuri!"

Aka yi dariya, irin dariyar masu yunwa, gajeriya. Baba bai yi ba. Shi mutum ne da magana ke yi wa tsada. Ya ɗaga labulen zaure ya nuna tsakar gida, inda mahaifiyata, Inna, ke zaune da ƙanwata a cinya. Yarinyar gashinta ya yi ja, cikinta ya fito, ta daina ko kuka. Ya ce, "Iya, dubi yarinyar nan."

Iya ta duba. Ta juya ta koma ɗakinta. Maganar ke nan.

Kada ka ce zan zagi Baffa. Hatsin nan shi ya tsayar da ƙanwata da ƙafafunta. Yau tana da jikoki, kuma bakinta ya fi nawa. Har maƙwabta sun ci. Ranar da aka fara tuƙa tuwo na gaske a gidanmu, na ci har sai da aka kwantar da ni a gefe kamar tulu, ana yi mini fifita. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ya yi shiru a wannan wurin.

Motoci suka yi ta zuwa suna juye ƙasa da baraguzai da sharar birni. Kafin rani ya ƙare, inda muke iyo ya zama sito na bulo, da rufin kwano mai faɗin filin idi, an zagaye shi da daɓen siminti. Wannan shi ne gini na farko a garinmu da bai bar raminsa ba, ya ma cinye na kowa.

Damina ta sake zagayowa, ruwa ya sake yin shiru. Liman ya sa aka fita roƙon ruwa, maza da yara da dabbobi, riguna a juye, rana tana dukan ƙeya. Aka dawo, sama fes. To a garinmu, idan na maza bai ci ba, akwai na tsofaffin mata. Sukan sa rigunan mazajensu da huluna, su saɓa fartanya, su zagaye gari suna roƙo, yara na biye da su, ana raba gumba sadaka. Malamai ba sa son abin, amma a shekarar yunwa sukan sami abin dubawa a wani gefen. Mai jan gaba kuwa tun ina jariri ita ce Iya, cikin babbar rigar kakana wadda ke jan ƙasa.

Tsofaffin suka taru a ƙofar ɗakinta da hantsi, kowace ta ci ado kamar ɗan dako. Iya na zaune tana kaɗin auduga.

Babbar ƙawarta ta ce, "Tashi mana, rana na yi."

Iya ta ce, "Ba ni zuwa."

"Ciwo?"

"Lafiyata ƙalau. Ku da za ku kira baƙo, ina kuka share masa?"

Suka dubi juna.

Ta ce, "Kun toshe masaukinsa, kun cinye shimfiɗarsa, yanzu ku ce in sa riga in je in gayyato shi. In ya zo a ɗakin wa zai sauka? Nawa ne a ƙasa. Ku je ku kira shi, ku da kuke kan tudu."

Wallahi kafin azahar labarin ya kai inda mota ba ta zuwa. Matan suka fita ba ita, suka zagaya, suka dawo da ƙura a ƙafa, ko ɗigo. Shi ke nan, aka samu mai laifi. Aka ce Iya ce ta riƙe ruwa. Aka ce ta ɗaure shi a tulu ta tura ƙarƙashin gado. Wani ya ce da idonsa ya ga hadari ya taso, ta leƙo ta taga ta harare shi, ya juya da gudu har yana tuntuɓe. Mata suka daina zuwa ɗiban wuta gidanmu. Inna ta je rijiya aka yi kamar ba a gan ta ba. Mutanen da suka ci tuwon hatsinmu jiya, yau su ne ke tofar da yawu idan sun wuce ƙofarmu. Ni kaina yara suka daina langa da ni, wai kada in shanye musu ƙafa.

Da abin ya yi yawa, mai unguwa ya zo da kansa, ya tsuguna a bakin ƙofarta, Baba da Baffa na tsaye a bayansa. Ya ce ta dubi Allah ta dubi gari.

Ta ce ta ji, amma da sharaɗi. Akwai ɗan fili da ya rage tsakanin sito da gonar gidanmu. A yi gayya a haƙa rami a nan, ko bai kai na da ba, a ja masa hanya daga burtali. Jema kuma tana da ita. Ashe duk shekarun nan ta raya 'yan gindi a fasasshen tulu a bayan ɗakinta, da ruwan alwalarta.

Mai unguwa ya ce an gama, gobe-goben nan.

Baffa ya ce, "Iya, ke dai ruwan ya zo. In ya zo, da farcena zan haƙa masa."

Ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗan nan."

Ya ce, "To, za a fafe yau."

Washegari ta fito. Har yau idan na rufe ido ina ganinta: rigar kakana ta haɗiye ta, hula ta sauko har hanci, fartanya a kafaɗa, tana tafe kamar rumbu ya yi ƙafa. Ta ce da ni, "Kai mijin banza, yau ni ce maigida, biyo ni da buta." Duk garin ya fito. Waɗanda suka ce mayya ce su ne a gaba wajen amsa amin.

Gayya fa? An yi. Maza suka zo da diga, suka sari ƙasa, ƙasa ta sare su. Cikin da babu komai ba ya ɗaga diga, wannan gaskiya ne. Kuma ka yi tunanin mutum yana haƙa wa ruwa masauki a ƙarƙashin sama wadda ko tsuntsu ba ya ratsawa. Shi kansa sai ya ji kamar ana yi masa dariya. Suka yi ɗan rami wanda ko ɗan tsako ya faɗa zai fito ba taimako, suka ce sauran sai an ga alama. Jemar Iya aka dasa a layi ɗaya, awaki suka yi mata sannu da zuwa kafin la'asar. Kullum ta aika a tuna wa mai unguwa, kullum ya ce gobe.

Ruwan ya zo bayan 'yan kwanaki, ana idar da sallar la'asar. Gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya, iska ta kwashe shanya, sai ƙanshin ƙasa. Sannan aka sake shi. Ban taɓa ganin murna irin ta ranar ba. Mu yara muka tuɓe muka shiga tsalle. Dattawa suka tsaya a fili, hannu sama, ruwa na bin gemu, ba ka san wanne ne hawaye ba. Mata na guɗa daga gida zuwa gida. Aka jera tukwane da ƙore da duk abin da ke da baki a ƙarƙashin indararo.

Muna cikin haka muka ji wani ƙugi daga burtali, kamar garken shanu ya ɓalle. Ruwan gari ne gaba ɗaya ya haɗu ya taho, ja wur, ɗauke da kara da juji da takalmin wani. Babu jema da za ta ce masa sannu, babu abin da zai karɓe masa kaya. Ya zo inda ya saba kwana ya tarar da bango. Rufin sito kuma yana ƙara masa nasa. Ya ɗan yi jim, yana juyi a wurin kamar mai neman adireshi, sannan ya nufo katangarmu. Wuriyar da aka yi don fitar da ruwa, ta nan ya shigo.

Baba da Baffa suka yi ta cusa buhu da tsumma, yana tunkuɗo su. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta zama tafki, kaji sun hau kan turmi, akushi na yawo shi kaɗai. Inna ta kwashe mu zuwa zaure, ta ce da Baba, "Iya fa!"

Iya na zaune a kan gadonta, ta naɗe ƙafafu, ruwa na wucewa ta ƙarƙashi. Baba ya ce ta fito. Ta ce ba inda za ta. Ya sake cewa, ta ce shi ya haife ta ko ita ta haife shi? Ya juya baya ya tsuguna, ya jawo hannayenta ya goya ta kamar jaririya, ya ratso ruwa da ita, tana dukan kansa tana cewa, "Sauke ni, mara kunya! A gaban suruka!"

Ya ajiye ta a zaure. Daga nan muna hango ɗakin. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa da ihu, mai karatu. Gindinsa ne ke jiƙa, ya yi laushi, sai ka ga bango ya durƙusa a hankali kamar raƙumin da za a sauke wa kaya. Haka ɗakin Iya ya yi. Ya durƙusa ta baya, azara ta zame, rufin ya bi. Tukwanenta, da tasoshin aurenta, da rigar kakana wadda ko ninke ta ba a gama yi ba, duk suka shige cikin laka.

Baffa ya ruga ya faɗa wurin, yana tonon laka da hannu, yana kuka kamar yaro, yana zaro murfin kwano yana ajiyewa a gefe kamar ya ceto wani abu. Na zuba wa Iya ido, ina jira ta ce ai na gaya muku. Ni da a ce ni ne, da sai na hau kan sito na yi shela. Ba ta ce ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da Baba, "Je ka ɗago ƙaninka. Ku duba iri, in bai jiƙe ba. Gobe shuka."

Haka kuwa aka yi. Gari ya waye kowa na gona, har mai unguwa. Wa ke da lokacin rami?

Ga abin da ke ci mini rai har yau. Shekarar an yi amfanin gona, gero ya yi kai kamar cinyar ɗan dambe. Sai garin nan, da bakin da ya ce mayya ce, ya ce Iya waliyyiya ce, roƙonta ba ya faɗuwa ƙasa. Ana kawo mata gaisuwa da dami, ana kawo jarirai ta tofa musu. Ta ce a haƙa rami, a ce Allah ya ja kwana, Iya. Ta ce a dasa jema, a ce Allah ya bar mana ke. Sun yarda tana iya saukar da ruwa daga sama, amma ba su yarda ta san inda zai bi a ƙasa ba.

Baffa ya gina mata ɗakin bulo da rufin kwano a gefen tudu na gidan, da gumin cin raninsa. Ta shiga don kada ya ji ciwo, amma har ta rasu gwangwani take kiransa; ta ce da rana ana soya ta, da damina ana yi mata kiɗa a ka. Ruwa kuwa ya riƙe hanya, duk shekara sai ya leƙo. Muka ɗaga dokin ƙofa, ya koma gidan maƙwabci. Maƙwabci ya ɗaga nasa, ya wuce na gaba. Mutanen da suka yi zaman lafiya tun kakanni suka fara kai ƙara a kan wuriya. Rijiyarmu kuma, wadda a da ake ɗiba da gajeriyar igiya, ta yi ta nisa har sai da muka haƙura da ita. Ruwa a tsakar gida da damina, babu a rijiya da rani; kai ka taɓa jin irin wannan ciniki?

Yanzu a Bacirawa nake zaune da iyalina. A nan duk wanda Allah ya buɗa wa, abu na farko da zai yi shi ne ya shafe tsakar gidansa da siminti, ya sare bishiyar ƙofar gida don mota, ya ɗaga daɓensa ya fi na maƙwabci. Lambatu cike da leda. In an yi ruwan rabin sa'a, sai ka ga magidanta da wando a naɗe suna kwasa da bokiti, kowa na zuba wa na ƙasa da shi. Ina jin masana a rediyo suna cewa a bar wa ƙasa wurin shan ruwa, a dasa ciyawa da itatuwa a bakin hanya, a daina cike kududdufai. Gaskiya suke faɗa, Allah ya saka musu. Sai dai rediyo ba ya riƙe diga.

Kududdufi ɗaya ya rage a ƙasan layinmu, kuma bana an sayar da shi. Aka yi taro a ƙofar masallaci, na miƙe na ba su labarin nan tun daga farko. Wani ya ce ramin sauro yake tarawa, wani ya ce yaro na iya faɗawa. Na ce duk gaskiya ne, a kewaye shi, a share shi, amma kada a cike. To ka san matsalar wanda ya saba ba mutane dariya. Ina kai wa wurin da Baba ya goya Iya, sai wurin ya fashe, har da masu riƙe ciki. Shugaban layi yana share hawaye ya ce, "Kai Malam, Allah ya shirye ka! Ƙara mana na kwaɗon nan mai neman mota." Na ce wallahi ba wasa nake ba. Suka ƙara fashewa.

Tifa ta fara juye ƙasa tun watan jiya. Gidana ne na ƙarshe a gangare. Inna, wadda tsufa ya kama yanzu, tana wurina, kuma ɗakin baya ta zaɓa don ya fi sanyi. Na roƙe ta ta dawo na gaba kafin damina, ta ce ita ba kaya ba ce da za a yi ta ciratar da ita. Na dube ta, na dubi tumbina, na tuna gwiwata da ke ƙara ko a sujada. Baba ya goya tasa uwar yana da ƙarfinsa. Ni hawa babur ma sai na yi bismilla sau biyu.

Shi ya sa yanzu kullum da safe nake saɓa buhun masara a baya, in ratsa tsakar gida da shi daga ɗakin baya zuwa ƙofa. Maƙwabta na leƙowa ta katanga suna kiran 'ya'yansu su zo su gani, wai Malam ya fito da sabo.